Wa ya naɗa ka? Magana kan harufan da masu binciken nasaba ke liƙawa a bayan suna

Maƙwabciyarmu a nan Amurka dattijuwa ce baƙar fata, ta haura saba'in, ni da iyalina Mama muke ce mata. Ran wata Asabar ta ƙwanƙwasa mana ƙofa rungume da wata faffaɗar takarda a cikin gilashi, bakinta har kunne. Ta ce da ni, "Ɗana, ashe ni taku ce." Gwajin ƙwayar halitta da ta yi ya nuna tana da jini daga yankinmu, shi ne ta biya wani mai binciken nasaba, shi kuwa ya zana mata salsala tun daga kanta har zuwa wani basarake a ƙasar Hausa. Kakanni goma sha ɗaya reras, babu giɓi ko ɗaya.

Na karɓa na duba can sama. Biyu daga cikin sunayen ban taɓa jin Bahaushe ya raɗa wa ɗansa irinsu ba. Babu kuma inda aka rubuta daga wace takarda ko daga bakin wa aka samo ko da suna ɗaya. Na ce, "Mama, ko kina da katin mutumin nan?" Ta ɗauko. A bayan sunansa akwai harufa biyu, CG. Ta ce ai saboda su ta yarda da shi.

Muka buɗe shafin hukumar da ta mallaki harufan, inda take jera sunan duk wanda ta ba izinin amfani da su. Muka nema ta sunan farko, muka nema ta sunan mahaifi, muka nema ta jiha. Babu shi, babu alamarsa.

Ra'ayina a kan wannan gajere ne. Harufan nan kayan aro ne. Mai su ya ba da aron su ga wanda ya jarraba, na wani lokaci, bisa sharaɗi. Wanda ya saka ba a ba shi ba ya yi ha'inci, ko da kuwa aikinsa mai kyau ne. Wanda aka ba kuma wajibi ne ya saka su yadda aka ce, har da ƙananan ƙa'idojin da mutane ke wa kallon fi'ili.

Su wa ke da harufan

A Amurka babu dokar da ta ce sai da lasisi mutum zai yi sana'ar binciken nasaba. Kowa na iya wayar gari ya buga kati ya ce shi ƙwararre ne, ya yanka farashi. Wannan ne ya sa masanan fannin suka kafa wa kansu shinge. A 1964 aka kafa BCG, hukumar tantance masu binciken nasaba, wadda ke ba da laƙabin Certified Genealogist, wato mai binciken nasaba da aka tantance, a taƙaice CG. Mai nema yana haɗa kundin ayyukansa, alƙalai su duba kowa shi kaɗai, in ya haye a ba shi izini na shekara 5, sannan ya sake kawo sabon aiki a sake aunawa. A shekarar 1964 ɗin dai aka fara wani tsarin a birnin Salt Lake, wanda ke ba da laƙabin Accredited Genealogist ko AG. Tun shekarar 2000 hukumar ICAPGen ce ke riƙe da shi, kuma su yanki-yanki suke jarraba mutum: wanda ya ci jarrabawar yankin Ingila ba a ce masa masanin Meziko. Su ma duk shekara 5 ake sabuntawa.

Hukumomin biyu sun mai da laƙabobin nasu tambari a ƙarƙashin dokar kasuwanci, kamar yadda kamfani ke kare sunan hajarsa. Masu riƙe da su kuwa, duk girman Amurka, 'yan ɗaruruwa ne kawai.

Me ya kai su ga wannan wahala? Sun ga jiya. Akwai wani mutumin Suwidin, Gustave Anjou, da ya zauna a Amurka ya mutu a 1942. Ya shafe shekaru yana sayar wa attajirai salsala a kan dubban daloli, yana cakuɗa takardun gaskiya da na ƙarya yadda sai mai ido zai gane. Sai a 1991 masu bincike suka fallasa girman ɓarnar tasa dalla-dalla, kuma har yau ana tsintar ƙirƙirarrun kakanninsa a bishiyoyin asali da mutane ke kwafa a intanet. Ƙaryar nasaba ba ta bin mai ita kabari, jikoki ke gadonta.

"Ai harufa ne kawai"

Wani abokina da na ba labarin, dariya ya yi. Ya ce, "Haba Malam, C da G ne fa. Wa ya mallaki abacada?"

Na ce masa rawani ma yadi ne kawai. Je ka kasuwar Kurmi da kuɗinka, za a yanko maka ko kamu nawa kake so. Amma ka naɗa shi ka shiga gari kana cewa kai ne Galadima, ka ga ko za ka kwana a gida lafiya. Abin da ke cikin sarauta ba a kan yadin yake ba, yana wurin wanda ya naɗa, da kuma sanin da jama'a suka yi cewa in mai rawanin ya yi ba daidai ba akwai fadar da za a kai ƙararsa, akwai mai iya warware rawanin.

Haka harufan nan suke. Da Mama ta ga CG, abin da ta karanta shi ne: wasu da ba su da riba a cinikinmu sun duba aikin mutumin nan, sun ga yana bincike har iyakar inda hankali zai kai, yana faɗin madogarar kowace magana, yana gwama hujja da hujja, in biyu sun yi karo ya warware, sannan ya rubuta hukuncinsa yadda wani zai iya bin sawu. Waɗannan biyar ɗin su ne ma'aunin da BCG ke auna aiki da shi. Ta kuma karanta cewa ya sa hannu a kan ƙa'idojin ɗa'a, kuma in ya cuce ta akwai inda za ta kai kuka. Duk wannan ya sayar mata, alhali ko ɗaya ba ya hannunsa. Da ya ce mata kawai "ina binciken asali, ga aikina ki duba," da ta yi tambaya, da ta nemi shawara. Harufan ne suka hana ta tambaya.

Kuma kada a ɗauka abin ya tsaya kan takardar rataye a falo. Kotunan gado a nan suna karɓar rahoton masu binciken nasaba in mutum ya mutu ba a san magadansa ba. Masu neman zama 'yan ƙasar Ireland ko Italiya ta hanyar kakanni da irin wannan bincike suke haɗa takardunsu. Rundunar sojan Amurka ma tana ɗaukar masu wannan sana'a su nemo dangin sojojin da suka ɓace a tsoffin yaƙe-yaƙe, don a gwada jini a gane gawa. Mu da muka taso muna jin ayar Suratul Ahzabi da ta ce a kira mutane da sunan ubanninsu, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani kan nauyin jingina mutum ga uban da ba nasa ba.

"Na yi kwas, an ba ni satifiket"

Wannan shi ne uzurin da ya fi yawa, kuma na yarda wasu da zuciya ɗaya suke faɗa. Jami'o'i da ƙungiyoyi da dama suna koyar da binciken nasaba, wasu ta intanet, a gama a ba mutum takardar shaida. A Turanci kalmar takardar shaida (certificate) da kalmar da ke cikin laƙabin CG (certified) tushensu ɗaya, sai mutum ya ga ai ya zama.

Bai zama ba. Takardar kwas tana cewa wane ya zauna a aji ya kammala. Laƙabin yana cewa an auna aikin hannunsa, kuma za a sake aunawa. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani an yi masa walima ya yi abin yabo, amma ba ranar ake ce masa Gwani ba. Sai gwanaye sun zauna sun saurare shi, sun duba rubutunsa, su ne za su faɗa, ba shi ba.

Hanyar gaskiya a buɗe take kuma ba ta rage wa kowa daraja: a rubuta sunan kwas ɗin, da inda aka yi, da shekarar. Haka ma wanda ke biyan kuɗin zama memba a ƙungiyar masu sana'ar, irin APG da aka kafa a 1979. Ya ce shi memba ne, gaskiya ya faɗa. Amma ya jera harufan ƙungiyar a bayan suna kamar digiri, nan ya fara wasa da hankalin mutane, don shiga ƙungiya daban, cin jarrabawa daban. Wanda kuma ya cike takardar nema yana kan haɗa kundinsa, ya yi haƙuri tukuna. Maniyyaci ba Alhaji ba ne sai ya je ya dawo.

Inda masu suka ke da gaskiya

Akwai sukar da ba zan iya kawar da kai daga gare ta ba. Masu ita suna cewa: 'yan tsiraru sun haɗa kai sun gina katanga, sun ce wanda ke ciki shi ne masani. To ina sauran duniya?

Marigayi Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda ya rasu a 1997, bai taɓa aika kundi Amurka ba, kuma duk mai CG da zai zauna gabansa a kan nasabar gidajen Sakkwato, ɗalibi zai koma. A kusan kowace tsohuwar zuriya a ƙasar Hausa akwai wata gwaggo da ta san wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa, har hawa shida ko bakwai, ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Akwai maroƙan fada da ke jero sarakuna da iyayensu a ka. Akwai malaman da suka ƙare rayuwarsu a Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna. A Amurkar ma da yawa daga cikin gwanayen fannin ba su taɓa neman laƙabin ba, wasu don tsada da cin lokaci, wasu don ba su ga bukata ba. Tsarin kansa an gina shi ne a kan ƙasashen da ke da rajistar haihuwa, da littafin coci, da takardun filaye. Mai CG na iya zama zakara a takardun jihar Bajiniya, ka kawo shi Katsina ya rasa ta inda zai fara.

Duk wannan gaskiya ne. Amma a lura da abin da ya tabbatar: rashin harufan ba ya nuna jahilci. Bai tabbatar da cewa wanda ba a ba shi ba yana da damar ɗauka ba. Hasali ma wanda ya san aikinsa shi ya fi kowa rashin bukatar satar riga. Waziri Junaidu sunansa ya ishe shi. Gwaggon nan in ka tambaye ta za ta ce maka "daga bakin kakata na ji," ka ga ta ba ka madogararta, abin da mai katin Mama bai yi ba.

Batun katanga kuma, dokar tambari ta Amurka ta 1946 ta yi wa masu irin wannan tambari na shaida dabaibayi. Wanda ya yi rajistarsa ba shi da ikon hana duk wanda ya cika sharuɗɗa don son rai, in ya yi haka ana iya soke rajistar. Ba na cewa babu ɗan Adam a cikin alƙalancinsu. Ina cewa ƙofar tana da ƙa'ida a rubuce, kuma wanda ke ganin ƙa'idar ta yi tsauri ko ta manta da irinmu, ya fito ya yi gardama a kanta, ko ya haɗa kai da wasu su kafa nasu ma'aunin da sunan da suka ga dama. Ni kaina zan so in ga ranar da masana tarihinmu za su zauna su tsara yadda ake auna nasabar da aka karɓa daga baka.

Labarin makilin

Yanzu ga ɓangaren da ya fi ba mutane haushi, har da wasu masu riƙe da laƙabin na halal. Hukumomin suna da tsirfa. Laƙabin na mutum ɗaya ne, kada a liƙa wa kamfani don mutum ɗaya a ciki yana da shi. Kada a mai da kalmomin sunan sana'a da ake kiran kowa da shi. A sa 'yar alamar nan ta R a cikin da'ira inda ta dace, wadda doka ta keɓe wa tambarin da aka yi wa rajista. A wasu wuraren a rubuta layin da ke cewa tambarin na hukuma kaza ne. Mutum ya ce shi da ya sha wuya ya ci jarrabawa, sai kuma a koya masa yadda zai rubuta sunansa?

Bahaushe ya fi kowa sanin amsar, ko da bai lura ba. Aiki yaro kanti ka ce ya sayo makilin. Duk man goge bakin da ya kawo, ya cika aike, ba wanda zai ce sai na kamfanin Macleans. Omo ya zama sunan kowane garin sabulu, magi ya zama sunan kowane dunƙule, indomi ya zama kowace taliyar leda. Sunan yana bakin kowa, amma ya daina nuna kayan wa ake nufi.

A wurinmu wannan daɗin baki ne kawai. A kotun Amurka asara ce. A 1921 kotu ta yanke cewa kalmar asfirin ta zama ta kowa a wurin masu saye, kamfanin Bayer ya rasa ta a ƙasar. A 1950 kamfanin Otis ya rasa sunan escalator da ya mallaka na matakalar nan mai tafiya da kanta, kuma cikin hujjojin da aka kafa masa har da yadda shi da kansa yake amfani da kalmar a tallarsa kamar sunan kaya. Tambarin shaida ya ma fi haka rauni, don doka ta ce in mai shi ya daina kula da yadda ake amfani da shi, ana iya ƙwacewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma sau da yawa 'yan gida ne ke fara tsaga shi.

To a ce an yi sakaci har kalmomin nan sun zama makilin. Wa ya yi asara? Masu riƙe da laƙabin za su ci gaba da samun aiki, an riga an san su. Mama ce za ta buɗe shafi ta ga masu CG dubu, ba ta da hanyar rarrabe na gaske da na bogi. Tsirfar da ake ƙorafi a kanta, ita take karewa.

Wanda izininsa ya ƙare bai sabunta ba, shi ma ya cire. Na san da ciwo, mutum ya yi shekara ashirin da harufa a bayan suna. Amma ya faɗi tarihinsa yadda yake: na riƙe daga shekara kaza zuwa kaza. Direban da lasisinsa ya mutu bai manta tuƙi ba, sai dai ba ya miƙa wa jami'in hanya tsohon kati yana cewa ai dā mai rai ne.

Mu ma da namu

Ba zan yi kamar wannan ciwon Turawa ne kaɗai ba. Mu mutane ne masu son laƙabi. Mai gyaran rediyo Injiniya, mai kemis Likita, wanda aka rataya wa alkyabbar girmamawa a wani biki gobe ya wayi gari Dakta har a takardar ɗaurin aure. A Najeriya tun 1970 akwai hukumar COREN da doka ta ba rajistar injiniyoyi, kuma laƙabin SAN na manyan lauyoyi tun 1975 ake ba da shi ta hanyar tantancewa, amma wannan bai rage mana ƙishirwa ba.

Ina rarrabe abu biyu a nan. In 'yan unguwa suka kira mai gyaran janareto Injiniya, girmamawa ce, kowa ya san abin da ake nufi, ba a cuci kowa ba. Ranar da shi da kansa ya buga a kati ya je neman kwangilar gina gada, magana ta canza. Hadisi ya siffanta mai yin ado da abin da ba a ba shi ba da mai sanye da tufa biyu na ƙarya, kuma ban ga inda aka ware harufan boko ba.

Na kawo wannan ne don kasuwar tana matsowa gida. 'Yan'uwanmu baƙaƙen Amurka suna ta yin gwajin jini, ana ce wa wasu Hausa, ana ce wa wasu Fulani, suna neman wanda zai kai su ga kakanni. Matsalarsu sananniya ce: ƙidayar jama'a ta 1870 ce ta farko da ta rubuta mafi yawansu da suna. A ƙidayar 1850 da ta 1860 bayi ba su da suna a takarda, sai shekaru da jinsi da launi a ƙarƙashin sunan ubangida. Tsallake wannan katanga zuwa hawa ɗaya ko biyu aikin shekaru ne, ballantana a haye teku a sauka a ƙofar wani gida a Zazzau ko Gobir. Duk wanda ya yi wa mutum alkawarin haka cikin wata biyu, cinikin biri a sama yake yi. Ina kuma jin tsoron ranar da yaranmu masu wayo za su gane akwai dala a wannan harka, su buɗe shafi, su liƙa CG ko AG don sun ga yana sa a yarda.

Mun rubuta wa hukumar BCG wasiƙa ni da Mama, muka haɗa da hoton katin. Da daddare muka zauna da akwatin tsoffin takardunta, muka ware abin da ke da hujja: takardar mutuwar kakarta, da wani shafi na ƙidayar 1880 mai ɗauke da sunan kakan kakarta, manomi a jihar Jojiya, bai iya karatu ba. Hawa huɗu ke nan, daga nan hanya ta ɗauke. Ta daɗe tana kallon sunan. Takardar gilashin kuwa ba ta yar ba, ta dai sauke ta daga bango ta jingine a bayan kujera, ta ce gilashin da tsada ta saya, za ta sa hoton jikokinta a ciki.